Man Jamus na Usta Jibrin

Shekara talatin da ɗaya Jibrin ya yi kwance a ƙarƙashin manyan motoci a unguwar makanikai ta Omdurman, kuma abu ɗaya ya ƙware a kai, wato kurona. Kurona ita ce tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, cike da haƙora, wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota ta sha kwana. Direbobin da ke ɗauko riɗi daga Gadarif sukan tsallake gareji goma su zo wurinsa. Ba ya gaggawar kwance ta. Sai ya sa a zagaya da motar sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare, ya faɗi haƙorin da ya cinye, idan aka buɗe kuwa a tarar haka ne. Tun yana saurayi sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Usta kawai ake ce masa, gwanin sana'a, shi ma kuma har ransa ya fi son wannan sunan.

Wata safiya ya sunkuya zai taya a ɗaga wata kurona, bayansa ya ce ƙas. Likita ya hana shi ɗaukar abin da ya wuce buta. Haka ya tattara ya koma gida Dar Salam, ya zauna a kan angarib, gadonsu na igiya, a ƙarƙashin rumfa, har shekara biyar.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi a gidan ba. Mutumin da ya saba gyara ba ya iya zama haka kawai, don haka ya shiga gyara abin da bai lalace ba. Ya kwance rediyo, ya kwance makullin ƙofa, ya kwance injin markaɗe sau biyu a wata ɗaya. Samarin unguwa suka koma ce masa Ammu Jibrin, baffa ke nan, sunan da ake ba kowane tsoho ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne matan da ke sallama a ƙofa. Matarsa Sittana tana dafa karkar, man kitson matan Sudan, da man riɗi da kitsen rago da kakin zuma, daga baya ta zuba kayan ƙamshi. Iyayen amare har daga Bahri suke zuwa nemansa. Shi ke buɗe musu ƙofa, su kuwa su gaishe shi da ladabi su ce, ai kai ne mijin Hajja Sittana. Sai ya amsa da kai, ya koma ya zauna yana hararar kaji.

Abu ɗaya ya kamata a sani game da Jibrin: hancinsa ya mutu. Hayaƙin gas na shekara talatin ya tafi da shi, har idan miya ta ƙone sai dai ya ga hayaƙi.

Duk wannan kafin yaƙin da ya watsa mutanen Hartum ne, lokacin da magidanci yana iya ɓata yammacin Juma'a a kan abin wasa ba tare da ya ji kunya ba. Surukinsa Wa'il, mijin 'yarsa Hala, irin waɗannan magidantan ne. Mai shagon magani ne a Kalakla, ga tumbi, ga 'ya'ya uku, amma ya dawo daga Jidda da wata 'yar mota mai rimot, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Da suka kawo ziyara ya fito da ita a tsakar gida. Jibrin ya dube shi, ya dubi Hala, kallo irin na uban da ke tunanin ko ya yi kuskuren bayar da 'ya.

Motar ta zagaya randar ruwa, ta sha kwana, sai Jibrin ya karkata kai. Ya ce a sake zagayawa. Aka sake.

"Kurona ce," in ji shi. "Haƙoranta ba su zauna ba."

Wa'il ya yi dariya, ya ce ai wannan abin wasa ne, Ammu. Jibrin bai kula shi ba. Ya karɓi motar, ya kifa ta a cinya, ya kwance sukurori huɗu. Ga ta nan kuwa, kurona sak, da babban faifai mai haƙora da ƙanana huɗu a ciki, duk girmanta bai wuce lemun tsami ba. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannu. Murna ce ta kama shi, irin wadda ke kawo ƙwalla, sai ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Daga ranar ya samu aiki. Ya ƙwace farantin shayin Sittana ya mai da shi teburin aiki, don sukurorin idan suka faɗi a ƙasa sai dai a yi musu addu'a. Yakan wanke haƙoran da fetur da tsohon burushin baki, ya ɗaga kowanne a hasken rana ya duba inda ya cinye. Idan akwai rata tsakanin babban faifai da ƙaramin da ke juya shi, sai ya yanko 'yar wosha daga gwangwanin lemo ya cike. Idan boris ya yi sanyi ya canza, idan zoben roba ya tsage ya nemo wani. Duk wannan bai ba shi wahala ba. Mai ne ya tsaya masa a wuya.

Waɗannan ƙananan motoci man silikon ake zuba wa kuronarsu, kuma kaurinsa shi ne komai. Idan ya yi ruwa, tayar ciki sai ta ɗaga a kwana ta yi ta juyi a banza, motar ta rasa ƙarfi. Idan ya yi kauri da yawa, motar ta ƙi shan kwana, ta miƙe ta faɗa cikin ƙaya. Jibrin ya taka kasuwar Suk al-Arabi shago bayan shago, babu wanda ya ma taɓa jin sunan man. Sai an jira matafiyi ya kawo daga waje. Ya gwada man inji, ya tsiyaye kafin la'asar. Ya gwada giris na manyan motoci, shi kuma ya manne a bango ya bar haƙora a bushe.

Wata hantsi Sittana ta sauke tukunyar karkar ta ajiye a gefen rumfa don ta huce kafin ta zuba ƙamshi, ta shiga maƙwabta gaisuwar haihuwa. Jibrin ya kalli tukunyar, tukunyar ta kalle shi. Ya tsoma yatsa, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya raba su a hankali. Man ya ja zare, bai tsinke da wuri ba. Ya waiga dama da hagu, ya ɗebi cokali ɗaya, sannan ya shafe wurin da bayan cokalin sumul, yana yaba wa kansa wayo.

Ran Juma'a Wa'il ya kai shi filin da masu irin waɗannan motoci suke haɗuwa a Kalakla, wani fegi da ba a gina ba, an jera tsofaffin tayoyi an yi hanya. Magidanta ne kusan goma sha biyar, har da mai furfura. Motar Wa'il, wadda a da ita ce ke share wa kowa baya, ta shiga kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Sau uku ana tsere, sau uku tana cinyewa. Aka yanyame tsohon. Wani injiniya mai suna Mazin, dogon mutum mai tabarau wanda ba ya yarda da komai sai ya gani, ya juya taya ɗaya da hannu, ya ji yadda ɗayar ke amsawa, ya ce:

"Ya Usta, wane mai ka sa mata?"

Shekara biyar rabon Jibrin da jin kalmar nan. Ta shige shi har ƙashi. Ya duba fuskokin da ke jiran amsa, ya ga ba zai iya ce wa mutum goma sha biyar man kitson matarsa ba ne, kuma na sata.

"Man Jamus ne," in ji shi. "Wani tsohon direbana ke kawo mini daga Bur Sudan."

Shekara biyu ƙaryar nan tana tafiya lafiya. Yana zuba man a wata 'yar kwalbar magani mai duhu da ya kankare takardarta, ba ya sayarwa, ba ya bari a taɓa. Wanda ke so ya kawo kuronarsa. Kowace Juma'a bayan salla yakan hau mota daga Dar Salam, ya tsallaka gadar Farin Nilu, ya canza wata a Suk al-Arabi, ya sauka a Kalakla da jakarsa, kuma tun daga bakin titi ake ɗaga masa hannu ana Usta ya iso. Ciwon bayan ma ya yi sauƙi. Jamusawan nasa kuwa kullum ƙara ƙwarewa suke. Ya lura da zafi man yakan zo da ƙarin kauri, da sanyi ya sassauta, daidai yadda kurona ke so. Ya ɗauka sa'a ce. Ya kuma lura akwai wata 'yar tukunya da ake yawan mantawa da ita kusa da ƙafar angarib ɗinsa, ya ɗauki wannan ma sa'a ce.

Sai ga watan Afrilu. 'Yan Bahri suka aiko cewa za su zo Kalakla a kara, su kuma man silikon na gaske gare su, wani ɗan'uwansu ya kawo daga Dubai. Aka sa rana, saura Juma'a uku. Mutum bakwai suka kawo wa Jibrin kuronarsu ya sabunta. Ya wanke, ya gyara, ya cika da man Jamus, ya mayar.

A Juma'ar farko duk bakwai ɗin suka ba shi kunya. Zagaye biyu kawai, da ƙarfe ya ɗumama, sai tayar ciki ta fara juyi a iska, mai yana tsiyaya ta gefen aksil. Ya kwashe su ya koma gida. Ya zargi zoben roba, ya canza duka. Ya zargi woshar gwangwani, ya yanko sababbi. Ya ɗaure sukurori bi da bi, na nan sannan na can, kamar yadda yake yi wa manyan motoci. A inuwar rumfa kowace kurona tana juyawa lafiya lau a hannunsa. A Juma'a ta biyu suka sake yin abin da suka yi, har da ƙari.

Ƙarin shi ne ƙamshi. Mazin ya ɗauki motarsa da zafinta, ya kai hanci, ya miƙa wa na kusa da shi. Aka yi ta miƙawa. Wani ya ce kanumfari ne, wani ya ce har da sandal, mai furfurar ya ce shi dai rabon da ya ji irin wannan tun makon aurensa. Jibrin ya shinshina, bai ji komai ba. Ya daure fuska ya ce ai Jamusawa sun fara sa turare ne don a bambanta nasu da jabu. Aka kwashe da dariya. Wa'il kaɗai bai yi ba. Ya san ƙamshin nan sarai, a kan matashin kan matarsa yake jin sa, sai ya sunkuyar da kai yana duba batirin da ba abin da ya same shi.

Da za a watse Mazin ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Ba komai, Ammu, ka huta. Mu nemi na Dubai ɗin." Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Jibrin ya shiga mota ya zauna, bai san lokacin da aka tsallaka gada ba.

Ran Alhamis da hantsi yana zaune da kurona bakwai a kwance a kan faranti, ya rasa abin da zai sake zarga. Sittana ta kawo masa gahawa, ta ajiye, maimakon ta wuce sai ta ja kujera. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, idan kuwa ta ja kujera to akwai dalili.

"Abu Hala," ta ce, "Jamusawan naka sun canza hannu ne?"

Ya ɗago.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun cokalin farko ta gane, don ita ba ta taɓa shafe saman karkar da bayan cokali ba. Ta yi shiru ne saboda ta ga ya daina kwance mata injin markaɗe, ya fara cin abinci, ya fara tafiya a miƙe. Da zafi ya shigo ta san man zai narke masa, sai ta riƙa ware 'yar tukunya tana ƙara mata kaki, tana ajiyewa inda hannunsa zai kai ba sai ya sunkuya ba. Shekara biyu tana haka. Sai watan jiya Hala ta zo tana ba ta labarin yadda Wa'il ke cika baki da man Jamus na surukinsa. A ranar ta rage kakin, ta juye rabin kwalbar ƙamshi a 'yar tukunyar, tunda ta san ko turaren duniya aka zuba ba zai ji ba.

"Satar ba ta dame ni ba," ta ce. "Cokali nawa ne? Amma ni in tsaya a gaban wuta, hayaƙi yana cin idona, sannan ka ɗauki yabon ka kai wa wasu Jamusawa da ko gaishe ni ba su taɓa yi ba?"

Kunya ta rufe Jibrin, ta gaske, wadda bai ji irinta ba tun yana yaron gareji. Ya fara bayani a kan yadda maza suke, da yadda za a yi masa dariya. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce za ta dafa masa wanda ya fi na da, amma gobe da ita za a je Kalakla, kuma da kunnenta za ta ji ya faɗa.

Wunin nan tare suka yi shi a gaban murhu. Tana narka kaki, yana kawo kurona. Ya ga ta ɗiga man a kan farcen babban yatsa, ta murza, ta raba yatsun a hankali tana kallon zaren da ya ja. Haka shi ma yake yi, kuma shekara talatin da biyar suna tare bai taɓa tsayawa ya lura ba. Ita ce ma ta ce gwajin inuwa ba gwaji ba ne, ta sa ya ɗora kuronar a kan kwanon rufi ta sha rana sa'a guda kafin ya juya ta. Tukunya ta uku ce ta yi.

Ran Juma'a aka ga Jibrin ya sauko daga mota, bayansa wata dattijuwa cikin farin tob, mayafin matan Sudan, riƙe da jaka. Wa'il ya ruga ya kawo wa surukarsa kujerar roba. 'Yan Bahri sun iso da akwatunansu. Jibrin ya raba kuronar bakwai, ya tsaya a tsakiya, ya yi gyaran murya sau biyu. Ya dubi Sittana ko za ta ji tausayi, ya ga ta gyara zama.

"Jama'a," ya ce, "man nan ba na Jamus ba ne. Karkar ne. Hajja ce ke dafa shi, ni kuma sata nake yi."

Filin ya fashe da dariya. Mai furfurar har da zama a ƙasa. Wani ɗan Bahri ya tambaya ko a yi wa motocin lalle ma. Jibrin ya tsaya ya shanye, kunnuwansa suna zafi.

Aka yi tsere biyar. Kalakla ta ci biyu, Bahri ta ci uku, amma ko kurona ɗaya ba ta tsiyaya ba, ta wani ɗan Bahri ce ma ta yi ƙara a zagayen ƙarshe. Da aka gama, ba wurin Jibrin aka taru ba. Mazin ya durƙusa gaban kujerar roba da wayarsa, yana tambayar kofi nawa na man riɗi, kaki nawa, ita kuwa tana amsa masa rabi da rabi kamar yadda take yi wa iyayen amare. Jibrin na gefe yana ɗaure jakarsa. Babu wanda ya ce masa Ammu, babu kuma wanda ya ce masa Usta. A hanyar komawa Sittana ba ta tsokane shi ba. Ya riga ya sa a ransa cewa sunan ya tafi, karo na biyu ke nan, kuma wannan karon da bakinsa ya bayar.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Mazin ce.

"Salamu alaikum. Usta na nan?"

Jibrin ya yunƙura zai tashi, sai ya ji Sittana daga bakin murhu.

"Wanne daga ciki?"

"Duka biyun, Hajja," in ji Mazin.

Jibrin ya buɗe. Ga injiniyan nan tsaye, tun daga Kalakla, hannu ɗaya da kurona a leda, ɗayan da kwalba babu komai a ciki. Ya ce ya gwada dafawa da kansa, ya ɓata tukunyar matarsa, sannan ya buɗe kuronar ya kasa mayar da ƙananan haƙoran. Jibrin ya karɓi ledar, ya juya aksil ɗin kusa da kunne, ya faɗi abin da aka juya baibai tun kafin ya kwance. Ya zauna ya jawo farantin shayi, ya wanke, ya jera, ya haɗa. Da ya zo wurin zuba mai hannunsa ya nufi ƙafar angarib da kansa, ya tarar babu tukunya. Ya juya wajen murhu.

"Hajja," ya ce, "a ɗan sam mini cokali ɗaya."

Ta taso da tukunyar a hannu, ta ɗebo, ta share saman cokalin da yatsa har ya yi daidai da baki, ta miƙa masa. Bai kai rabin wanda yake sata ba, kuma ya ishi kuronar.